Dimokuraɗiyya Ba Ta Cikin Kayan Da Amurka Ta Kwashe Daga Agadas

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar isha'i, ina zaune a teburin mai shayin bakin layinmu ina jiran a soya min ƙwai, sai gardama ta kaure a kan benci. Ɗan maƙwabcina ne ya tada ta. Yaron ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, shekara uku ke nan yana yawo da takardu a leda. Ya miƙo min wayarsa, wani tsohon bidiyo ne na jiragen sojan Amurka suna tashi daga Agadas, an ɗora masa kiɗa mai tsuma jiki.

Ya ce, "Kawu, ai magana ta ƙare. Dimokuraɗiyya kayan Amurka ce. Su suka kawo ta, kuma tunda an kore su, sai su naɗe ta a tabarmarsu su yi gaba."

Wani dattijo da ke gefe, tsohon hedimasta ne, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, bi a hankali. In mutanen nan suka ɗauke ido daga kanmu, wa zai riƙa tsawata wa shugabanninmu? Ai ko ba komai ana jin kunyarsu."

Aka yi ta yi har shayina ya huce.

Abin da ya tsaya min a rai har na dawo gida shi ne, su biyun gani suke sun saɓa, alhali a kan tabarma ɗaya suke zaune. Yaron ya ɗauki Amurka a matsayin uwar dimokuraɗiyyarmu, don haka a kori uwa da 'yarta. Dattijon ya ɗauke ta a matsayin mai gadi, don haka in ta tafi an shiga uku.

Ga nawa ra'ayin tun da wuri. A cikin manufofin Amurka a Afirka ta Yamma, dimokuraɗiyya fasinjar ƙarshe ce. Tana cikin motar, har ma ita ake zaunarwa a gidan gaba in za a ɗauki hoto. Amma duk ranar da mota ta kasa hawan tudu, ita kwandasta yake fara saukewa. Amurka ba ta haife ta a nan ba, ba ta kuma tsare ta ba, saboda haka ba ta da yadda za ta yi ta tafi da ita.

Kwana 76

Ranar 16 ga Maris 2023 Antony Blinken ya sauka a Yamai. Shi ne sakataren harkokin wajen Amurka na farko da ya taɓa kai ziyara Nijar. Ya yaba wa ƙasar, ya kira ta abin koyi a dimokuraɗiyya. Yabon kuwa yana da tushe, domin a Afrilu 2021, karo na farko a tarihin Nijar, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki: Mahamadou Issoufou ya ba Mohamed Bazoum.

Wata huɗu bayan ziyarar, ranar 26 ga Yuli, dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka rufe Bazoum a gidansa. Yarinyar da ke tallar goro a Maraɗi ta san sunan abin da ya faru tun a daren. Amurka kuwa sai ranar 10 ga Oktoba ta iya buɗe baki ta kira shi juyin mulki. Kwana 76 tana kewaye-kewaye.

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai doka a Amurka da ta ce duk ƙasar da sojoji suka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatinta, dole a dakatar da mafi yawan tallafin da ake ba gwamnatin, har da na soja. Ke nan furta kalmar yana da tsada. A Agadas kuwa a lokacin Amurka tana da sansanin jirage marasa matuƙa da ta kashe wajen dala miliyan 110 ta gina, ga sojojinta sama da dubu a ƙasar.

Wani zai ce ai dabara ce, sun bar ƙofa a buɗe ne don a lallashi sojojin su saki Bazoum. Na ji. Victoria Nuland, babbar jami'ar ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ita ma ta je Yamai ranar 7 ga Agusta, ba a bar ta ta ga Bazoum ba, Tiani ma bai ba ta fuska ba. Amma a dubi abin da ya biyo baya. Bayan an furta kalmar, an dakatar da tallafi na kusan dala miliyan 200, sojojin Amurka ba su motsa daga Agadas ba. Faransa ta kwashe nata kafin ƙarshen Disamba, Amurka ta yi zamanta tana laluben yadda za ta daidaita da sababbin masu gida.

Ba ita ta yi zuciya ta tafi don an tsare zaɓaɓɓen shugaba ba. Sallamar ta aka yi, ranar 16 ga Maris 2024, shekara ɗaya cif da ziyarar Blinken, bayan wata tawagarta ta zo Yamai tana jan kunne a kan hulɗa da Rasha da Iran. Da a ce gwamnatin sojan ta ce su zauna, ni dai ina da yaƙinin da yanzu jiragen suna nan suna shawagi a sararin Agadas, Bazoum kuma yana inda yake.

Ba kuma a kan Nijar aka fara ba. A Afrilu 2021 da Idriss Deby ya mutu, tsarin mulkin Cadi ya ce shugaban majalisa ne zai riƙe ƙasa. Sojoji suka ajiye tsarin mulkin a gefe suka ɗora ɗansa Mahamat. Amurka ba ta kira wannan juyin mulki ba. A Masar, da sojoji suka tumɓuke Mohamed Morsi a 2013, gwamnatin Obama ta fito ta ce ba dole ba ne ta yanke hukunci a kan ko juyin mulki ne ko ba shi ba ne. Wannan Obaman dai shi ne ya tsaya a gaban majalisar dokokin Ghana a Yuli 2009 ya ce Afirka ƙarfafan hukumomi take buƙata, ba ƙarfafan mutane ba. Mun tafa masa har hannu ya yi ja.

A ƙarshen waccan shekara ta 2009, da Mamadou Tandja ya yi tazarce, Amurka ta dakatar da tallafi, ta kuma cire Nijar daga tsarin cinikin AGOA, wanda ke ba ƙasashen Afirka damar shigar da kaya Amurka ba haraji. Ta nuna zafi, kuma ta kyauta. Sai dai a lokacin ba ta da sansani a ƙasar. A 2013 ne jiragenta marasa matuƙa suka fara tashi daga Yamai. Fushi yana da sauƙi ga wanda bai ajiye kaya a gidan ba.

To me take nema a nan?

Tsaro ne a gaba, kuma tsaronta take nufi. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 take kallon Sahel a matsayin fili mai faɗi da 'yan bindiga za su iya ɓuya. A 2002 ta fara shirin horar da sojojin Mali, Muritaniya, Nijar da Cadi. A 2005 aka fara atisayen soja na haɗin gwiwa mai suna Flintlock. A 2007 aka kafa AFRICOM, rundunar da ke kula da Afirka, wadda hedikwatarta take Stuttgart a ƙasar Jamus, kamar mai gona a Kaugama da ke kwana a Legas.

Da aka yi wa sojojin Amurka kwanton ɓauna a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoba 2017, aka kashe huɗu daga cikinsu tare da sojojin Nijar, sai ga manyan sanatoci a Washington, irin su Lindsey Graham, suna cewa ba su san ƙasarsu tana da sojoji kusan dubu a Nijar ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna a hannun wa harkar take. Hafsoshi ne ke jan akalarta, jami'an diflomasiyya suna biye da takardar jawabi.

Sai kishi. A daftarin manufofinta game da Afirka da Blinken ya ƙaddamar a Pretoria a Agusta 2022, an yi maganar buɗaɗɗen mulki da ribar dimokuraɗiyya, amma an ambaci Sin da Rasha da suna a matsayin masu neman gindin zama. A Disamba na shekarar aka tara shugabannin Afirka a Washington aka yi alƙawarin dala biliyan 55. Kafin wannan taro, rabon da a yi irinsa tun 2014, alhali Sin tun 2000 take yin nata duk bayan shekara uku. Abin ya yi kama da saurayin da ba ya tuna hanyar gidan budurwa sai ya ji an ce wani ya fara zuwa zance.

Maganar mai da ma'adinai kuwa ba sai na ja ta ba. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Amurka ta kira jakadanta gida, ta hana manyan gwamnati biza, ta hana sayar da makamai. Ɗanyen man Najeriya kuwa ba ta daina saye ba.

Ni ban ga abin mamaki a nan ba. Kowace ƙasa tata take nema, mu ma da muna da ƙarfin da haka za mu yi. Mai kanti yana yi maka murmushi, yana tambayar iyali, wataƙila ma da gaske yana ƙaunarka. Amma in ka ɗauka shi ne zai biya wa yaranka kuɗin makaranta ranar da ka karye, kai ne ba ka fahimci zaman ba.

"Amma ai sun taimaka"

Wannan ita ce hujjar hedimasta, kuma ba zan raina ta ba. Maganin rage kaifin cutar ƙanjamau da ake rabawa kyauta ƙarƙashin shirin Amurka na PEPFAR, wanda aka kafa a 2003, ya raya mutanen da na sani. Gidan sauron da ake ba masu juna biyu a asibitin sha-ka-tafi, da madarar gyaɗar nan ta yara masu tamowa, kuɗin Amurka ya shiga ciki sosai. Wanda ya ce duk wannan ƙarya ne, bai taɓa zama a layin asibiti ba.

A harkar zaɓe ma sun taɓuka. A Janairu 2015 John Kerry, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zo Legas ya gana da Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari, ya ja kunne a kan tashin hankali. To amma wa ya yi aikin? Na tuna yadda mutanen unguwarmu suka ƙi barin rumfar zaɓe, aka kunna fitilun waya ana ƙirga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa da ƙarfi kamar masu biya allo. Na tuna Farfesa Attahiru Jega zaune a zauren tattara sakamako, Godsday Orubebe yana ta yi masa ihu a gaban kyamara, shi kuwa ko gezau. Ga kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, ga wayar da Jonathan ya ɗaga ya kira Buhari. Kerry ya yi 'yan sa'o'i ya hau jirginsa. Masu ƙasa ne suka kwana a rumfa.

Batun jin kunya kuma, Malam, a yi min afuwa. Alpha Conde ya sauya tsarin mulkin Gini a 2020 ya yi wa'adi na uku. Alassane Ouattara ma ya shiga wa'adi na uku a Kwaddibuwa a shekarar. Paul Biya yana kan kujerar Kamaru tun 1982. Gidan Gnassingbe yana riƙe da Togo tun 1967, uba ya miƙa wa ɗa. Abin da yawanci ke zuwa daga Washington shi ne takardar nuna damuwa, kuma shugabannin nan sun daɗe da gane cewa takarda ba ta cizo.

"Ai su ne ma ke kitsa juyin mulkin"

Wannan kuma daga ɗaya ɓangaren take fitowa, kuma biri ya yi kama da mutum. Yahya Jammeh ya dawo daga horon soja a Amurka ba da jimawa ba ya kifar da gwamnatin Gambiya a 1994. Kyaftin Amadou Sanogo da ya yi juyin mulkin Mali a 2012 ya sha zuwa Amurka kwas. Assimi Goita na Mali da Paul-Henri Damiba na Burkina Faso, waɗanda su ma suka yi juyin mulki, duk sun halarci horon da sojojin Amurka suka shirya. Ranar 5 ga Satumba 2021 da rundunar Mamady Doumbouya ta kama Alpha Conde, zaratan sojojin Amurka suna cikin Gini suna horar da ita wannan runduna. Janar Moussa Salaou Barmou, wanda ya zauna da Nuland a madadin sojojin Nijar, ya yi karatu a jami'ar tsaro ta Washington.

Duk da haka ban yarda cewa Amurka ce ta aike su ba. Wanda ya kitsa abu ba ya ƙarewa da asarar sansanin dala miliyan 110. Abin da jerin nan yake nuna min shi ne inda aka zuba ƙarfi.

A ɗauka mutum yana da 'ya'ya biyu. Wani baƙo ya zo ya ɗauki ɗaya, kullum yana ba shi nama, yana koya masa dambe, ya saya masa babur. Ɗayan kuma sai a tara shi a otal a yi masa bita ta kwana biyu a kan shugabanci nagari, a ba shi jaka da biro. Ranar da rigima ta tashi a gidan, ba sai an yi duba ba kafin a san wanda zai kwana a ɗakin maigida. Shekara ashirin ana gina rundunoni na musamman a ƙasashen da alƙali yake jiran albashi, majalisa kuma ba ta isa ta tambayi yadda aka kashe kuɗin tsaro ba.

A ƙara da Libiya. A 2011 Amurka da ƙawayenta na NATO suka taimaka aka kawar da Gaddafi ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba. Makamai da mayaƙa suka kwararo kudu, kafin tsakiyar 2012 arewacin Mali ya faɗi. Obama da bakinsa ya ce rashin wannan shiri shi ne kuskure mafi muni na mulkinsa. Shi ya yi nadama a hira da 'yan jarida, mutanen Gao da Tillaberi ne suka biya.

Gadar Kennedy

Yanzu ga maganar da ta fi ɓata min rai, wai Amurkawa ne suka kawo mana dimokuraɗiyya.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'ar Yamai suka fito zanga-zanga, suka nufi gadar da ta haɗa ɓangaren jami'a da cikin gari. Jami'an tsaron gwamnatin Janar Ali Saibou suka buɗe musu wuta, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Sunan gadar, Gadar Kennedy, kuma da kuɗin Amurka aka gina ta. Gudummawar Amurka a wannan rana ke nan, gada. Jinin da ya zuba a kanta na 'ya'yan Nijar ne. Daga nan ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka hana gwamnati sakat har aka kira babban taron ƙasa a 1991, wanda ya kai ga zaɓen 1993 da Mahamane Ousmane ya ci.

A wannan wata na Fabrairu 1990 ne taron ƙasa a Kwatano ya karɓe iko daga hannun shugaban Benin Mathieu Kerekou. A Maris 1991 mutanen Bamako suka yi ta fitowa ana harbinsu har Moussa Traore ya faɗi. A Najeriya an harbe Kudirat Abiola a titin Legas a Yuni 1996, Shehu Musa 'Yar'adua ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997.

Gaskiya ne ƙarshen yaƙin cacar baka ya taimaka. Amma ta yaya? Manyan ƙasashe ne suka sassauta tallafin da suke ba 'yan kama-karya, tunda Tarayyar Sobiyet ta durƙushe, ba a buƙatarsu kuma. Kafin nan ai Amurka ce ta tsaya wa Samuel Doe bayan zaɓen bogin Laberiya na 1985. Ita ce ta ba Hissene Habre makamai, Ronald Reagan ya karɓe shi a fadarsa a 1987, wannan Habre da kotu a Dakar ta ɗaure rai da rai a 2016 saboda abin da ya yi wa mutanen Cadi.

In kuma aka koma baya, a Kano aka kafa NEPU a Agusta 1950. Su Malam Aminu Kano suna yawo ƙauye-ƙauye suna faɗa wa talaka cewa yana da bakin magana a kan wanda zai mulke shi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka saboda ta ce mace a Arewa ta jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a ƙarshen shekarun 1970. A lokacin da ake jan ta zuwa gidan yari, baƙar fata a Mississippi da Alabama bai isa ya je ya yi rajistar zaɓe cikin kwanciyar hankali ba, sai da aka yi dokar 1965. Wa ya koya wa wani a nan?

Sabon baƙo

Na san amsar yaron: "Kawu, ko ba komai sojojin da suka yi juyin mulki sun ƙwato mana mutunci."

Ina jin wannan a jikina, ba zan ɓoye ba. Na je Jibiya a Agusta 2023, bayan ECOWAS ta rufe iyaka, Najeriya kuma ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Manyan motoci sun yi jerin gwano a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tirela suna fifita da kwali. Daga wata mota wani baƙin ruwa yake ɗiga, kayan gwari ne suka ruɓe a cikin buhu, ƙudaje sun yi dandazo. Aka ce duk don dimokuraɗiyya ake yi. Wanda aka yanke wa wuta yana jinyar mahaifiyarsa a asibitin Ƙonni, aka ce masa don dimokuraɗiyya ne, ba ka da bakin da za ka hana shi tsanar kalmar.

Amma a duba abin da aka samu. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba, aka rushe jam'iyyu. Moussa Tchangari, ɗan fafutikar da ya daɗe yana sukar zaman sojojin ƙasashen waje a Nijar tun ba a yayin haka, an kama shi a Disamba 2024. A Mali ma an rushe jam'iyyu a 2025. A garin Moura, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da baƙin mayaƙa sun kashe mutum aƙalla 500 cikin kwana biyar a Maris 2022. Su kuwa masu horarwa na Rasha da suka sauka Yamai a Afrilu 2024, a sansanin da ke gefen filin jirgin sama aka sauke su, tun Amurkawa ba su gama haɗa kayansu daga can ba. Ko shimfiɗar ba ta huce ba.

Abin da yaron bai lura da shi ba shi ne, korar baƙin sojoji ba ta buƙatar a tsare shugaba a ɗaki. A Fabrairu 2024 Macky Sall ya ɗage zaɓen Senegal, matasa suka fito, kotun tsarin mulki ta ce masa bai isa ba. Aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye ya ci, kwana goma da fitowarsa daga kurkuku. Shi ne kuma ya ce wa Faransa ta kwashe sojojinta, ta kwashe a Yuli 2025, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Mu ma nan mun taɓa yi. A Janairu 1962 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila bayan ɗalibai da 'yan adawa sun tada ƙayar baya.

Kiɗa a rediyo

Baffana, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ba ya karya kumallo sai da rediyo a gefensa. A tsakiyar Maris 2025 ya murɗa zuwa Sashen Hausa na Muryar Amurka, tashar da take magana da mu tun 1979, sai ya ji kiɗa kawai, babu mai cewa uffan. Ya jira, ya sake murɗawa, kiɗa dai. Ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, ko juyin mulki aka yi a Amurka?" Ban yi dariya ba, don mutumin da ya rayu a 1966 da 1975 da 1983 ya san ma'anar kiɗa a rediyo da sassafe.

Gwamnatin Donald Trump ce ta sallami ma'aikatan zuwa hutun dole. A shekarar aka rufe hukumar USAID. A Yuli, sakataren harkokin waje Marco Rubio ya umarci ofisoshin jakadancin Amurka su daina tsokaci a kan ko zaɓen wata ƙasa ya yi tsabta ko bai yi ba, sai in akwai wata babbar maslahar Amurka a ciki. A watan ne kuma Trump ya gayyaci shugabannin Afirka biyar cin abinci, har da Brice Oligui Nguema na Gabon wanda ya fara hawa mulki da bindiga a Agusta 2023, kuma ma'adinai ne suka mamaye hirar.

Wato yanzu ko gidan gaban ma an daina zaunar da fasinjar don hoto. Yanke tallafin lafiya mugun abu ne, yaran da ke kwance da tamowa a Maiduguri da Katsina ba su san wata siyasa ba. Amma ta fuskar zaɓe, ni wannan fitowa fili ta fi min sauƙi a kan na da. Aƙalla ɗan adawar da aka yi wa maguɗi zai daina ɓata takalminsa zuwa ofishin jakadanci da ƙorafi a fayil.

Duk wannan ban faɗe shi a teburin mai shayi ba, kaɗan na samu na faɗa, ana ta katse ni. Da na kawo misalin Senegal, yaron ya yi shiru na ɗan lokaci yana juya cokali a kofi. Sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, na ji. Amma ni an haife ni ne a shekarar da aka dawo mulkin farar hula. Ban taɓa ganin soja a kan mulki ba. To ina aikin nawa?"

Hedimasta ya sunkuyar da kai. Ni ma na rasa ta cewa, sai can na ce masa wannan tambayar ya kai ta ga ɗan majalisarmu da gwamna, su ne suka ci ƙuri'arsa, kuma ya yi ta da ƙarfi kamar yadda ya yi min, tunda a nan dai yana iya yi ya koma gida ya kwana. Ya ce ɗan majalisar ba ya ɗaukar waya, kuma rabonsa da unguwar tun ranar da ya zo raba taliya.

Mai shayi, wanda tun ɗazu bai sa mana baki ba, ya fara kife kofuna a faranti. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ƙwan naka fa ya ƙara kuɗi tun ranar Laraba."